Motar da Ta Hana Ni Gaida Yaya

Ina da ƙara da nake son shigarwa, sai dai ban san kotun da zan kai ta ba. Waɗanda nake ƙara ban taɓa ganinsu ba. An ce mini suna can wata ƙasa mai sanyi, su ne suka zauna suka ƙera motar da ɗana ya kawo mini, motar da ta kusa raba ni da yayana, ta sa aka fara jan iyaka a tsakiyar gonar ubanmu. Karatuna na boko aji huɗu ne, sai 'yan watanni na yaƙi da jahilci da na yi da gemuna. In kun ga rubutun ya karkace, ku karkata kai ku karanta, haka malaminmu yake yi.

Motar ta zo ne a shekarun nan da fetur ya fi ƙarfin masu albashi, buhun takin zamani ya zama abin da manomi ke tsayawa ya kalla a kasuwa ya wuce, gidaje da yawa a ƙauyenmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ɗana yana aikin ofis a birni, yana zaune a Rijiyar Zaki. Wata Asabar a tsakiyar bazara sai ga shi da ita har ƙofar gida. Ya durƙusa ya miƙo mini makulli da hannu biyu.

"Baba, na ga gwiwar nan ta raba ka da keke. Ga wannan, ka riƙa zagayawa."

Na sa masa albarka, maƙwabta suka taya ni da amin. Sai da ya hau motar haya ya koma na lura allurar mai tana kwance kamar mai azumin bazara. Ɗan albarka ne, ban ce ba. Amma na gane ba gwiwata kaɗai ya tausaya wa ba. Abin da ya kasa ciyarwa ne ya kawo wa tsohonsa kiwo.

Kada ku ɗauka tuƙi baƙona ne. Da ƙuruciya na ja akori-kurar wani mai sayen gyaɗa har shekara biyu. Waccan mota ce mai ladabi. Abin da ka taɓa shi ke motsi, abin da ba ka taɓa ba ya zauna inda yake. Wannan kuwa 'yar Kwatano ce, ta ga duniya kafin ta gan ni, kuma tana da ra'ayinta a kan komai.

Wanda ya auna tsayin rufinta bai taɓa ganin mutum da hula ba. In zan shiga sai na duƙa kamar mai leƙa akurki, in na zauna hular ta tokare sama ta nutse mini har gira. Babbar riga kuwa ita da ƙofar nan ba sa shiri. Na taɓa zuwa ɗaurin aure Kunci, ashe tun daga gida ƙofa ta cije gefen rigata, yana waje yana share wa hukuma hanya. Na sauka rabina fari, rabina kalar ƙasa.

Sannan akwai wani ɗan abu a cikinta da har yau ban gano maɓoyarsa ba, ba shi da aiki sai tsegumi. Ba ka ɗaura bel ba, tin-tin-tin. Ƙofa ba ta rufu sosai ba, tin-tin-tin. Ranar kasuwar Tsanyawa na ɗora buhun gero a kujerar gaba, abin nan ya kama kuka, ni kuwa ga ni a ɗaure. Na duba ƙofa, na duba fitila, na yi ta'awizi. Ashe bai san bambancin buhu da mutum ba, so yake shi ma geron a ɗaure shi. Haka muka shiga kasuwa ni da buhu, kowa da ɗamararsa, kamar waɗanda za a kai gaban alƙali. In na so in nuna zan karya kwana kuma, sai abin share gilashi ya tashi yana kaɗa hannu a tsakiyar bazara, don sandar da na saba a dama su a hagu suka sa ta. Ƙofofin baya daga waje kaɗai suke buɗuwa. Na tambayi ɗana ta waya, ya ce saboda yara aka yi haka, akwai ɗan maɓallin da ake turawa, amma ya manta inda yake. Batirinta ya tsufa kamar ni, in ya kwanta sai an taimaka masa ya tashi, shi ya sa duk inda na je gangare nake fara nema kafin in nemi mai gida. Cikinta kuma a ƙasa yake kamar na agwagwa.

Duk wannan na yafe musu. Abin da ban yafe ba shi ne gilashi.

Amma bari in fara gaya muku wane ne Yaya. Ubanmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya riƙe ni, shi ya kai ni makarantar da na gudu, shi ya yi mini aure. Na haura saba'in, jikokina sun fara aure, amma a bakinsa har lokacin Auta nake. Gidansa yana bakin gari, daidai inda hanya ke lanƙwasa ta nufi kwalta. Ƙafa ta riga ta hana shi gona, har Juma'a ta gagare shi, sai dai ido ras, yana iya gane akuyar wani daga tsallaken fadama. Kullum yana gindin darbejiyar ƙofar gidansa a kan buzu, yana tufkar igiyar rama. Fiye da shekara arba'in, in zan wuce, tun daga nesa nake sauka daga keke, in tuɓe takalmi, in durƙusa.

"Yaya, barka da hantsi."

"Auta, ka tashi? Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi."

"Ƙarya kake, na ga yadda ka sauko."

Shi ke nan fa gaisuwar. Ba ta kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Gonar da ubanmu ya bari kuwa ba mu taɓa raba ta ba, ko da yake a yankinmu gona ta yi wa mutane kaɗan, kowa ya yanka tasa kamar tsire. Tare ake nome ta, in an yi girbi Yaya ya sa a kai shi a kan jaki, ya nuna da sandarsa ya ce, "Waɗannan dammunan na Auta ne." Ban taɓa ƙirga su ba.

To, daidai ƙofar gidansa akwai rairayi mai zurfi, tsawonsa kamar daga masallaci zuwa rijiya. Ranar da na fara fita da motar na rage gudu zan tsaya in gaishe shi kamar yadda na saba, sai agwagwar nan ta kwanta da cikinta. Tun hantsi har azahar magidanta suna haƙa da fartanya suna cusa kara a ƙarƙashin taya. Yaya yana zaune yana kallo, dariya har da hawaye.

"Auta, jakin Baba bai taɓa yi mana haka ba."

Da aka fitar da ita ya kira ni ya ce, "Daga yau kada ka tsaya a nan. Ka wuce da ƙarfinka, ka ɗaga mini hannu, ya isa. Ba zan riƙa tara maka gayya kullum ba."

Haka aka yi. In na zo daidai darbejiya sai in sauke gilashi, in jinjina masa hannu, in ɗaga murya, shi ma ya ɗaga igiyarsa. Mako biyu muna haka lafiya lau.

Akori-kurar da na ja mariƙi gare ta, ka murɗa gilashi ya sauka, ka murɗa ya hau, in ya ƙi ka dafa shi da tafin hannu ka taimaka masa. Wannan kuwa madannai huɗu aka jera a gefen direba. Wata safiya na danna, shiru. Duka huɗun sun mutu rana ɗaya, kuma a rufe suka mutu. Na kai ta wurin mai gyaran wutar mota a Tsanyawa, ya kwance ƙofa ya leƙa ya ɗago.

"Baba, ƙwaƙwalwar gilashin ce ta ƙone."

"Gilashin ma ƙwaƙwalwa gare shi?"

"Sosai. Sai an aiko da wata daga Kano."

"To ni da nake da tawa a kaina, ba za a bar ni in sauke shi da hannuna ba?"

Ya ce ba a yi ta da haka ba. Ɗana ya ce zai aiko, na kuwa san halin da yake ciki, ban sake tuna masa ba. Ban kuma gaya wa kowa a gari ba, don kada a ce yaron nan mushe ya kawo wa ubansa. Abin sanyin da ke ciki ba na kunna shi, don ya fi injin shan mai, ni kuwa a kwalba nake saye wurin 'yan bumburutu. Saboda haka a rufe nake tafiya ina dahuwa. Mutum biyu ne suka taɓa roƙon in rage musu hanya, a kan kwalta na ɗauke su. Suka sauka a jiƙe, suka je suka baza cewa na ƙi sauke gilashi don kada iskar talakawa ta taɓa ni. Mai ɗakina kuwa tun farko ta ce ita ba ta shiga tanda da ranta.

Gilasan gefen nan baƙaƙe ne. Ɗana ya ce suna rage zafin rana, ni kuma na ɗauke su kamar tabarau. Daga ciki ina ganin komai tar, har ƙudan da ke kan jaki. Waɗanda muke haɗuwa gaba da gaba a hanya in na ɗaga musu hannu suna ɗaga mini, don gilashin gaba fari ne, amma wannan lissafin bai zo mini ba a lokacin. Ni dai na san ina ganin mutane, mutane kuma suna ganina.

Sai na ci gaba da gaida Yaya. In na zo daidai shi, ga rairayi yana jan sitiyari, in saki hannu ɗaya in jinjina, in ce, "Yaya, barka da hantsi!" da ƙarfin da har kunnena yake amsawa. Kwanakin farko na ga yana ɗago hannu rabi yana bin motar da kallo, na ce ya amsa. Daga baya hannun ya daina tashi, sai kallo. Daga baya kallon ma ya ɗauke, in na taho sai ya sunkuyar da kai kan igiyarsa. Wata rana na tarar ya juya buzun, bayansa ne a hanya.

Na ce a raina, har Yaya? Mutanen majalisar bakin masallaci su ma haka, ina jinjina musu suna kallona kamar an wuce da gawar baƙo. A sahu in mun yi sallama su miƙo mini yatsu uku. Babu wanda ya ce mini komai, don a garinmu ba a tare mai furfura a gaya masa laifinsa, sai dai a janye masa tabarma a hankali. Mai ɗakina ce ta jiyo a gidan suna.

"Malam, ana cewa fa ka yi mota ka daina ganin mutane."

"Ni? Ni da muryata ta dushe wajen gaisuwa? Hassada ce. Ki bar su."

Damina ta faɗi, rairayin ya sha ruwa ya kwanta ya yi tauri. Wannan wurin ne ba na son rubutawa, amma tunda ƙara nake shigarwa dole in faɗi har da nawa. Da na so tsayawa a lokacin, da na tsaya, motar ba za ta nutse ba. Ban tsaya ba. Na ce ni ne ƙarami, na yi abin da ke kaina, wanda aka gaisar bai amsa ba shi ya san dalilinsa. Sai na rage ƙarfin jinjinar ma, na mai da ita ɗaga yatsu.

Ana cikin noman biyu babban ɗan Yaya ya yi sallama a zaurena. Magidanci ne, shi ma furfura ta fara masa. Ya durƙusa nesa da tabarma, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi ruwa, yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Baba ƙarami, dama Baba ne ya aiko ni."

"Ina jin ka."

"Ya ce tunda ƙasa da damshi, gara a dasa gamba a tsakiyar gona. In an ɗebe amfani sai a kira mai unguwa da liman su shaida. Kowa ya san nasa."

Gamba ita ce ciyawar da muke dasawa a kan iyaka, in ta kama ba ta mutuwa, ko jikoki sun zo za su tarar da ita. Na so in tashi in bi shi wurin Yaya. Amma ga ɗansa a gabana, ga girman kai ya riga ya zauna mini a wuya.

"Ka ce masa na ji."

Ya ɗan jira ko da ƙari. Babu ƙari. Ya tashi ya sa takalminsa. Kwana uku bayan nan aka gaya mini an ga 'ya'yan Yaya a gona da igiya da saiwar gamba, sun fara daga gindin kuka. Ran nan tuwo bai wuce mini ba. Ba ƙasar nake ji ba, ni da ko kunya ɗaya ba na iya nomewa. Sandar nan da yake nunawa ya ce na Auta ne, ita nake ji.

A makon ne aka yi rasuwa a dangin mai ɗakina a Kunci, dole ta shiga tandar da ta rantse ba za ta shiga ba. Ta zauna a baya tana fifita da gefen mayafi. Da muka zo darbejiya na ce bari in nuna mata da idonta. Na jinjina, na ɗaga murya.

"Yaya, barka da hantsi!"

Bayansa ko motsi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ai kuwa ka gaishe shi, Malam. Ni shaida ce."

A dawowa muka biyo ta Tsanyawa, ranar kasuwa ce. Na sami gangare a gindin wata bishiya na ajiye motar, na ce ta jira ni in karɓo kwalbar mai. Da na dawo na duba gilashin baya, ba kowa. Na matsa na kare ido da hannu na leƙa, duhu kawai da fuskata. Na ce wannan mata, ta ga kasuwa ta kasa haƙuri. Na nufi wurin masu daddawa, na zaga wurin masu kuka da kuɓewa, ina tambayar mata ko sun ga wata tsohuwa mai shuɗin mayafi. Na dawo na sake leƙawa, na jingina da motar ina ta faɗa ni kaɗai, ina ambaton halayenta tun na amarci. Can na ji kamar ana buga ƙofa daga ciki. Na buɗe.

Ga ta zaune inda na bar ta, gumi har haɓa.

"Sannu, Malam. Sannu da zagaye."

"Ina kika shiga?"

"Ina na shiga? Ƙofar da ba ta buɗuwa ta ciki? Ina kallonka ka manna hancinka a gilashi, har gashin cikinsa na gani. Ina ɗaga maka hannu, ina bugawa, ka juya ka tafi wurin masu daddawa. Kuma duk abin da ka faɗa a kaina na ji, za mu yi maganarsa a gida."

"Kina ɗaga mini hannu?"

"Hannu biyu ma."

Na mai da ƙofar na rufe ta a ciki, na ja da baya taku uku na duba. Baƙi ƙirin. Na buɗe, ga ta. Na rufe, babu ta. Na sake buɗewa.

"Malam, in wasa kake, ni na gaji."

Sai kuma ta ga fuskata. Ta dafe baki.

"Wayyo. Yaya."

Wata huɗu ke nan ina gaida cikin mota.

Ban tsaya ko zuba man ba sai da ta tuna mini. Daga nan ban zame ko'ina ba sai gindin darbejiya. Na tsaya a tsakiyar rairayin, na bar injin yana aiki yana shan abin da na saya, na fito na tuɓe takalmi. Gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, na tilasta mata.

"Yaya, barka da yamma."

Bai juyo ba. "Wa ke nan?"

"Ni ne."

"Alhaji mai mota? An yi faci ne?"

Na kwashe komai na gaya masa, da ƙwaƙwalwar da ta ƙone, da kunyar da ta hana ni faɗa, da abin da ya faru a kasuwa. Mai ɗakina da na buɗe wa ƙofa ta durƙusa daga gefe ta ce wallahi da kunnenta ta ji na gaishe shi yau da safe. Ya ci gaba da tufkarsa. Na ce to a taimaka a sa shi a ciki ya gani da idonsa. Babban ɗansa ya fito, muka kama Yaya muka zaunar da shi a kujerar gaba. Hularsa ta bugi rufi ta faɗo masa a cinya. Abin tsegumin nan ya fara, tin-tin-tin.

"Wa ke kuka?"

"So take ka ɗaura bel, Yaya."

"Ka ce mata ba inda za ni."

Na rufe ƙofa na tsaya a waje, daidai inda buzunsa yake. Ba na ganin komai sai wani tsoho mai karkatacciyar hula a jikin gilashi. Na jinjina wa tsohon nan hannu. Na daɗe a haka, mutane sun fara taruwa daga bakin masallaci. Can ƙofa ta buɗe.

"Na gan ka," in ji Yaya. "Har haƙorin da ka rasa na gani."

Aka yi dariya, ni ma na fara, na ɗauka an gama. Aka mai da shi kan buzunsa. Ya sa hularsa, ya kalli mutanen nan har suka gane suka koma inda suka fito. Ya rage daga ni sai shi sai ɗansa, sai mai ɗakina can gefe.

"Gilashi na gani, Auta. Ba laifinka ba ne. To ƙofar fa? Ita ma ƙwaƙwalwa gare ta?"

Na waiga na kalli ƙofar motar.

"Ga motarka can a tsaye a kan rairayi, ba ta nutse ba. Tun ruwan farko ya kwanta. Kullum ina jin tahowarka tun daga rijiya, ina cewa yau zai tsaya."

"Na ɗauka kai ne ka ƙi amsa mini, Yaya."

"To in na ƙi amsawa fa? Sai ka bar ni? Da kana ƙarami sau nawa ka yi fushi ka ƙi cin tuwo, na bi ka da akushi har bayan rumbu?"

"Da ka aiko a kira ni."

"Na aiko." Ya nuna ɗansa da haɓa. "Me zan yi da rabin gona, ni da ko bakinta ba na iya zuwa? Na ce in ya ji maganar gamba, kafin ɗan aike ya dawo ya riga shi isowa, ko da rarrafe. Na sa aka shimfiɗa tabarma. Sai aka dawo aka ce mini wai ka ji."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Injin yana can yana ta aiki, abin tsegumin yana ta kuka don an bar ƙofa a buɗe, babu wanda ya tashi ya rufe ta. Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya ɗauki igiyarsa, ya kasa kama bakin zaren.

Ɗansa ya yi gyaran murya. "Baba, gambar fa? A tuge?"

"Ina kuka kai?"

"Daga kuka, kamar taku ashirin."

"Kada a ƙara. Kada kuma a tuge. A bar mana ita mu riƙa gani, ni da shi."

Washegari na koma wurin mai gyaran wuta na ce ya cire mini gilashin direba gaba ɗaya. Ya ce ruwa zai shiga, ɓarawo zai shiga. Na ce ɓarawon da ya iya tayar da ita ba turi na ba shi ita halak malak. Ruwa kuwa ya shiga, sauran daminar nan da buhun taki nake toshe tagar, kaji suka gano hanya suka mai da kujerar baya wurin ƙwai. Amma ban sake gaida Yaya ta taga ba. A kan tudun da ke gaban rairayi nake ajiye ta, hancinta yana kallon gangare, in ƙarasa da sanda.

"Auta, ka cire gilashi kuma ka zo da ƙafa? Asarar gilashi ke nan."

"Da sauƙi gwiwar, Yaya."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Kuma ƙarya kake."

Da kaka aka kai shi gona a kan jaki, ya nuna da sandarsa ya ce waɗannan na Auta ne. Damina biyu ya ƙara yi bayan nan, Allah ya jiƙansa. Ba a raba gonar ba, har yau tare ake nome ta. 'Ya'yansa da nawa suna girmama ni, ba wanda ya taɓa tayar da maganar a gabana. Amma gambar ta kama, ta yi kauri, duk shekara ana yankan abin da ya isa zana ɗaya, kuma na ga yadda suke kallon inda ta tsaya in sun zo wucewa. Na san ranar da na bi Yaya daga nan za su ɗora igiya.

Motar tana nan a bayan gida, ba ta fita sai dole. Gilashin da aka cire mai ɗakina ta karɓe shi, tana shanya kuɓewa a kai, ta ce ya fi faifai jan rana. Su kuwa mutanen ƙasar sanyi, in wannan takarda ta isa gare su, ba diyya nake nema ba, na gaji. In za su ƙera wata, su sa mata mariƙin da mutum zai murɗa da hannunsa.